Ni na ɗinka farin ƙyallen da ɗana ya yi fatalwa da shi

Hajiya Memunatu, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ni tela ce a unguwar Maamobi, karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Ɗana Abdul-Fatawu ya rasu bayan ƙaramar Sallah. Zazzaɓi ne, muka ɗauka na sauro ne da aka saba, ashe tafiya ce. Gyaran firij yake yi a unguwar Kawukudi, ko aure bai yi ba. Tun yana ƙarami yake son fina-finan nan da za ka firgita, kafin ka dawo hayyacinka kuma ka fashe da dariya. Nakan yi masa faɗa, ya ce ai wanda ya tsorata sannan ya yi dariya ya sha koko da ƙosai a kwano ɗaya.

Bara abokinsa Dramani ya tara samarin unguwa suka shirya irin wannan fim. Fatawu ne fatalwa. Wai ɗan haya ne da ya mutu, amma kullum da safe sai ya dawo da bokitinsa ya bi layin famfon gidan, kowa ya watse, shi kuma ya tsaya yana mitar mutanen yanzu ba su iya gaisuwa ba. Ni na ɗinka masa farin ƙyallen. Ya miƙe a tabarma ina auna shi, yana cewa in ƙara tsawo kada ƙafar fatalwa ta leƙo a raina ta. Na yi dariya har tef ya faɗi daga hannuna. Hajiya, shekara ba ta zagayo ba maza suka shigo da nasu farin ƙyallen. Tun ranar, in na taka keken ɗinki sai in ji kamar ni na kira masa abin.

Yanzu fim ɗin zai fito da babbar Sallah. Tallansa yana yawo a wayoyi, har unguwar Nima duk shi ake jira. Rannan a cikin trotro, motar hayar nan, wata yarinya ta kunna a gefena, ba ta san ni ba. Na ji muryar Fatawu yana tambayar waye na ƙarshe a layi. Motar duka ta ɗauki dariya. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne ni ma na dara. Daga baya na sauka tun ban kai inda za ni ba, na zauna bakin wani shago na yi ta kuka.

Dramani ya zo ya durƙusa, ya ce maganar tana hannuna. In na ce a cire Fatawu za su cire, ko da fim ɗin zai mutu, domin shi ne ƙashin bayansa. Yayana Alhaji Issifu ya ce a cire, wanda yake kabari addu'a yake bukata, ba a taru ana yi masa dariya cikin abin da ya yi kama da likkafani ba, musamman wurin da aka ɗauko shi a makara ya tashi zaune. 'Yata Salwa, ƙanwar Fatawu, kuma ta ce in aka cire, ina za ta ƙara jin muryar yayanta? Ta daina cin abinci tare da mu. Kowa ya yi magana sai in ga shi ne mai gaskiya. In bari ko in hana?

Uwar mai bokiti, Maamobi

*

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Abdul-Fatawu, ya ba ki haƙurin rashinsa.

Bari in fara sauke miki kayan da ba naki ba. Allurarki ba ta ɗinka ajali. Kin yi wa ɗanki ɗinki ne yana raye yana tsokanarki, kamar yadda kika yi masa na suna da na Sallah. Lokacinsa a rubuce yake tun kafin ki sayi keken.

Dariyar cikin trotro ma ba laifi ba ce. Mutanenmu suna son irin waɗannan fina-finai ne saboda mutuwa maƙwabciyarmu ce. Ta lungunanmu makara take bi, mu janye tebur da kwano ta wuce. Abin da ba ka iya kallonsa ido da ido, in aka riƙa masa bokiti aka sa shi a layin famfo, sai ka samu ka numfasa. Ɗanki ya gane haka da wuri.

Amma kada ki yar da maganar Alhaji Issifu. Makara da likkafani suna da alfarma, kuma shi ya ga abin da ke ba ki gani ba, domin shi ya raka shi makabarta. Ita ma Salwa ba rigima take yi ba, kewa ce.

Ga shawarata. Kada ki yanke hukunci a kan abin da kika ji rabinsa a wayar wata. Ki sa Dramani ya kawo fim ɗin gida ki kalla da rana, ke da Salwa da wata aminiyarki, a tsayar duk inda kika ce. Kafin komai ya ba ku duk abin da aka ɗauka na Fatawu, har wuraren da ya yi kuskure aka sake. Wannan naku ne ko fim ya fita ko bai fita ba, kuma shi zai dawo da Salwa kan kwano. Ni da ni ce, zan ce a cire wurin makara a bar na famfo. Ki je da kanki ki faɗa wa yayanki, in da malamin da ku biyu kuka yarda da shi, ku ji ta bakinsa. In kuma zuciyarki ba ta shirya ba, ki ce a ɗaga. Wata Sallar tana zuwa, amma abin da ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa.

In kin zauna kallo dariya ta zo, kada ki danne ta. Don ita ya sha wahalar, kuma a kanki ya fara gwadawa, ranar da tef ya faɗi. Ki dara, ki share ido, ki yi masa addu'a.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sanyaya miki zuciya, ya haɗa kan gidanki.

Hajiya Memunatu