Bakwai Cikin Ɗari

Litinin, 3 ga Maris
Na kai wa ƙanena Auta motata. Shekara ashirin da shida ina koyar da lissafi ban yi wa kaina abin marmari ko ɗaya ba, to tarbon nan mai ƙara wa inji ƙarfi dai sai na sa. Duk wanda na tambaya garejin ƙanena yake nuna min, in ba haka ba me zai kai ni? Shekara goma sha tara bai taka gidana ba.

Ya goge hannu ya ce, "Yaya, sannu da zuwa." Na miƙa masa kamshaf ɗin da na sayo, sandar nan mai ƙusumbi da ke buɗe bawul tana rufewa. Mai babbar lamba na zaɓa, 292. Ya jujjuya shi, ya mayar kwali.

Laraba, 5 ga Maris
Wai ba zai ɗaura ba! Ya ce wannan yana barin bawul ɗin shiga da na fita a buɗe tare na tsawon lokaci, iskar da tarbo ya turo sai ta sulale ta salansa.

"Kamar ɗiban ruwa ne da kwando, Yaya. Ƙara za ka samu, ba ƙarfi ba."

Na ce ai 292 ya fi 264 ɗin da yake so a sa. Ya ce, "A takarda." Ni ake faɗa wa takarda!

Alhamis, 6 ga Maris
Inna ta ji na je. Ta ce, "Ka dai san abin da ka yi masa." Na ce ta bar tone-tone.

Na sani mana. Auta yana aji uku, ni ne malaminsu. Ya ci bakwai cikin ɗari, na ɗaga takardar a gaban 'yan aji na ce kansa na ɗaukar kaya ne. Aka yi ta dariya. Bai koma makaranta ba bayan hutu.

Asabar, 8 ga Maris
Ya jera min abin da za a canja kafin tarbo ya ko leƙo: sifirin bawul masu tauri, kusoshin kan inji, gasket mai kauri, injekta manya, famfon mai. Na ce duk wannan wa zai gani? Ya ce, "Wanda ba a gani shi ke riƙe wanda ake gani." Kai! Sifirin guda goma sha shida, ɗaya bayan ɗaya ya danna su a ma'auni, ya ware biyu ya ce ragwaye ne. Ni duk iri ɗaya na gan su.

Talata, 11 ga Maris
Ban da aji da yamma, na sake zuwa. Don motata kawai.

Asabar, 15 ga Maris
Yau na ga abu. Ya ɗaura wani faifan ƙarfe a gaban inji, zagaye da digiri 360, ya kafa agogon awo a kan bawul. Yana juya injin da hannu a hankali, yana magana shi kaɗai: ya buɗe a 12, ya rufe a 48, a haɗa da 180, 240 ke nan, rabinsa a cire 12, tsakiya 108. Wallahi ina laluben biro ya riga ya gama. Ya ce kamshaf ya kauce da digiri biyu, ya gyara, ya sake awo sau uku. Ya yagi bakin kwali ya rubuta lissafin da fensir, hannu duk baƙin mai.

Na ce, "Wa ya koya maka kusurwa?" Ya ce, "Inji. Shi ba ya yi wa mutum dariya, in ka kuskure fashewa kawai yake yi."

Na rasa inda zan sa idona. Na sunkuce kwalin na sa a aljihu.

Lahadi, 16 ga Maris
Na zauna neman kuskure a kwalin. Sau huɗu na bi. Maiɗakina ta ce, "Malam, makin wa kake yi a kan shara?" Babu kuskure ko na rabin digiri. Yaron nan gwani ne. Gwani ne, kuma na ji kunya. Jan birona yana hannuna, ban san lokacin da na rubuta ba.

Laraba, 19 ga Maris
Na mayar da kwalin kan teburinsa yana ƙarƙashin mota. Kayan mutane ne, shi ya sa.

Asabar, 29 ga Maris
Da kansa ya kawo motar har ƙofar gida. Tarbo na yin fito siriri, inji lafiya lau, ba gurnanin banza. Na ce ya shigo ya sha ruwa. Ya tsaya jim, sannan ya cire takalmi.

Da zai ciro min makulli, kwalin ya faɗo daga aljihun rigarsa, an naɗe shi a leda. Jan ɗarin da na rubuta yana nan. Ya ɗauka da sauri ya ce, "Ya makara, Yaya. Amma na karɓa."

Hayaƙin salansa ne ya shiga min ido. Ko da yake motar a kashe take.