Na san inda zarzur ke kwana, amma na ce wa yayana ban sani ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don Allah a sakaya sunana. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa tofa komai ba, yau dai abin ya fi ƙarfina, don Allah ku ba ni shawara. Ku yi haƙuri da Hausata, mu nan ta gauraya da Larabci.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Wad Haddad a Jazira, shekarata hamsin da uku. Aikina gadin ƙofar ruwa, ni ke sakin ruwa daga babbar tur'a, wato magudanar ruwan noma, zuwa gonakin mutane. Ɗakina yana bakin ƙofar, tafiyar kusan awa guda daga gari. Da matata Hajara na da rai cikin gari nake kwana, da ta rasu shekara huɗu da sunka wuce sai zaman gidan ya gagare ni, na naɗe tabarmata na dawo nan. Ɗiyata tana aure a Damazin, ɗana yana aiki a Madani. Sai in yi kwana uku ban yi magana da kowa ba in ba mai neman ruwa ba, shi ma daga buɗe sai rufe.

Bara ɗana ya kawo mini mobayil mai kyamara, ya sa mini wani wasa a ciki. Ya ce Baba tunda cikin tsuntsaye kake wuni, ga abin da zai ɗebe maka kewa. Wasan shi ne ka ɗauki hoton tsuntsu, ka faɗi inda ka gan shi da yawansu, sai 'yan ƙungiyarku su duba su tabbatar da irinsa, a ba ku maki, a sa alama a taswira. An ce masu bincike na amfani da abin da muke tarawa. Mu shida ne a ƙungiyarmu, kuma a duk yankinmu ni kaɗai ne, taswirar fara fat take kafin in shiga. Shugabanmu wani dattijo ne ɗan Masar, Ammu Ra'uf muke ce masa. Akwai kuma Malam Sani, malamin makaranta daga Maraɗi, da shi muke Hausa. Ranar da na fara tura hoton shamuwa ya aiko da murya yana dariya, ya ce ashe ku ma shamuwa kuke ce mata a can? Wallahi sau biyar na saurari muryar nan.

Tun daga nan rayuwata ta ɗan canza. In na gama asuba na ɗora shayi, sai in hau kan ƙofar inda shabaka, wato sabis ɗin waya, ta fi kamawa, in tarar 'yan ƙungiya sun riga ni gaisuwa. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyu, su ne sunka fara cigiyata, mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Da daminar bana na bi wani zalɓe da ƙafa har bayan wata tsohuwar tur'a da anka daina amfani da ita. Can ruwa ya kwanta cikin kurmin bagaruwa, ba mai zuwa saboda ƙaya da laka. Na tarar da balbela da jinjimi sun cika itatuwa da sheƙa, kuma cikin ciyawa ga gauraka biyu da ƙwai. Rabona da ganin gauraka tun ina saurayi. Da na tura hoton ƙungiya ta rikice da murna, Ammu Ra'uf ya ce irinsu suna ƙarewa, ya ɓoye wurin a taswira don kada mafarauta su gani. Kowane sati nakan je in ƙirga. A gabana ƙwan sunka fashe, 'ya'ya biyu, yanzu sun kai girman kaza amma ba su tashi ba tukuna.

To ga inda matsalar take. Da dawa ta fitar da kai, zarzur sunka sauka, wato jan baki, ƙananan nan masu zuwa kamar hayaƙi. Kun san dai abin da suke yi wa gona. Mata da maza suna wuni cikin rana suna kaɗa gwangwani, a kore su nan su sauka can. Kwamitin manoma ya ce a nemo inda suke kwana, in an samu za a kai rahoto a turo jirgi ya yi feshi. Ni kuwa na riga na sani. A kurmin nan suke kwana, kan bagaruwar da ke kewaye da gauraka. Kuma na taɓa ganin bayan feshi da idona shekarun baya, maganin ba ya zaɓe, duk mai fiffike ƙasa yake zubowa, har shaho da ya ci gawarsu.

Shugaban kwamitin yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar Juma'a bayan an sauko ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci, ya ce kai da kake yawon tsuntsaye, ba ka ga inda suke sauka ba? Na ce ban gani ba. A ƙofar masallaci na yi wa yayana ƙarya. Matarsa ce ke aiko mini da kisra da miya tun rasuwar Hajara, da dawar gonarsa ake yi.

Na kai maganar ƙungiya, nan ma ta raba mu. Ammu Ra'uf ya ce in yi shiru sati uku kawai, 'ya'yan su tashi, ya ce dawa ana sake shukawa baɗi amma waɗannan in sun tafi sun tafi. Malam Sani ya ji haushi, ya ce wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ne zai faɗi haka, sati uku a bakin jan baki ai sai kara. Sunka yi ta musu kwana biyu, ɗaya daga cikinmu ya fita ƙungiyar, yanzu Ammu Ra'uf ba ya amsa gaisuwar Malam Sani. Ni na jawo.

Shekaranjiya da la'asar sai ga yayana a kan jakinsa. Rabonsa da zuwa ɗakina ya fi shekara. Na ba shi shayi ya sha, sannan ya ciro kan dawa guda daga aljihu ya ajiye a tabarma, fanko, ba ƙwaya ko ɗaya. Ya ce wannan daga gonar Inna Ladi ne, wata tsohuwa da ke riƙon jikokinta da 'yar gonar nan kaɗai.

Ya ce, "An ga sawunka wajen tsohuwar tur'a. Ban tura kowa ba, don ba na so a ce wani ya tona ƙanena. Na fi so in ji daga bakinka."

Na ɗauki kan dawar ina jujjuya shi a hannu.

Ya ce, "Ɗan'uwa, mun yi maka uzuri shekara huɗu. Suna ba ka zuwa, ɗaurin aure ba ka zuwa, munka ce baƙin ciki ne. Amma mu ne za mu ɗauki gawarka, ba mutanen cikin waya ba."

Na ce masa to in an sani, ba za a iya kama su da raga ba kamar yadda tsofaffinmu ke yi, a bar maganar jirgi? Ya ce masu wannan sana'a saura mutum biyu a gari kuma duk sun tsufa, amma zai faɗa wa kwamiti, bai yi mini alkawari ba. Ya ba ni zuwa Juma'a. Da zai hau jaki na ga yadda ya rame, ban lura ba sai ranar.

Jama'a ba zan ɓoye muku ba. Ina son tsuntsayen nan har raina, amma da na zauna na bincika zuciyata sai na ga akwai wani tsoro a ƙasa. In jirgi ya zo, Ammu Ra'uf ba zai yafe mini ba, ƙungiya za ta watse, in koma yadda nake. In kuma na yi shiru, kowace safiya gonar wani ce ke tafiya, kuma na san ko ta wane ne, na san 'ya'yansa da sunansu. Na kira ɗana, ya ce Baba goge wasan kawai ka huta. Shi bai gane ba.

To me kuke gani? In faɗa kai tsaye in roƙi gafarar yayana, ko in ce sai an yarda da raga sannan zan nuna wurin? Ina da hakkin sa wa mutane sharaɗi a kan abincinsu? Malamai na cikinku, ƙaryar da na yi da dawar da ta salwanta tun daga ranar, suna wuyana? In akwai wanda ya san aikin gona ko na tsuntsaye, ya san wata hanya da za a kori zarzur ba tare da guba ba, don girman Allah ya rubuto, zan kai wa kwamiti da ƙafata.

Yau Laraba. Duk abin da kunka rubuta zan karanta, ko zagi ne.