Ta'aziyyar Mai Rai

Danau Kota, Kuala Lumpur

Zuwa ga ɗana Abdulmajid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da iyalinka, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau. Jaririn Surayya ya fara zama, ya kwaso kunnuwanka kaf, sai dai a taimaka masa da hula. Raina ne a ɓace, kuma 'yarka Surayya ce sanadi.

Tunda na zo renon nan ba ni da abokiyar zama sai maƙwabciyarmu Bashira, wata dattijuwa 'yar Afganistan. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu, amma kullum bayan la'asar muna falonta muna shan shayi, muna tsintar shinkafa, muna dariya. Ita kuwa Surayya wani littafin labari na mutanen ƙasar su Bashira take nazari a jami'a. Ta cika min kunne wai komai a cikinsa alama ne, rijiya ba rijiya ba ce, takalmi ba takalmi ba ne. Wai akwai wata uwa da kullum take ajiye kofi ɗaya babu mai sha, ma'anarsa ɗanta da yaƙi ya ci. Na ce Allah ya ji ƙansa, ko da yake ba a taɓa haifarsa ba.

Ranar Talata ta bi ni wurin Bashira. Tana ganin kofi ɗaya a gefen tire, sai 'yar bokon nan ta fashe da kuka, ta ciro waya ta sa ta fassara wa matar ta'aziyya, har da Allah ya haskaka kabarinsa! Abdulmajid, ɗan Bashira yana raye. Wankin mota yake a unguwar Setapak, kofin nasa ne, yana hanya. Shi kaɗai ya rage mata, da yatsu ta taɓa nuna min. Baiwar Allah ta miƙe, ta nuna mana ƙofa.

Har yau Surayya ta ƙi zuwa ba da haƙuri, wai kunya take ji, wai niyyarta mai kyau ce. Jiya na tuƙa tuwo na ajiye a bakin ƙofar Bashira. Da safe na tarar da kwanon a ƙofarmu, ko loma ba a taɓa ba. Wannan kam ban nemi littafi ya fassara min ba.

Ka kira 'yarka yau, ka yi mata magana da muryar uba. In ba ta je ta durƙusa ba, wallahi zan goya jaririn, in shimfiɗa tabarma a ƙofar Bashira, duk mutanen benen su sha kallo, ba zan tashi ba sai ta buɗe.

Ka gaida Ruƙayya da Al-Amin. Ka ce wa maigidana Sharif ya yi ta cin tuwon uwarsa, ni ba zan dawo a wannan halin ba.

Mahaifiyarka,
Hajiya Bintu