Muciya da Ƙanƙara

Daren Laraba, watan Rajab, unguwar Karantina

Idi, abokin aikin ɗana Sale a jirgin ruwa, ya dawo. Ya ce, "Inna, can ƙanƙara ke lulluɓe filafilin kwalekwale, ya suɓuce wa mutum a tsakiyar teku."

Duk yini ina ganin ɗana kan farin ruwa, hannu wayam.

Na sayo ƙanƙara, na dafa ta da hannu har yatsuna suka mutu. Na ɗauki muciya a madadin filafili, ta faɗi. Na naɗe ta da tsumma, ta zauna a hannuna. Alhamdulillahi.

Halas, shi ke nan, na yayyaga tsohon zanen goyonsa, Idi zai kai masa ya naɗe filafilin. Yana jariri ya sha damƙar zanen nan, bai taɓa suɓuce masa ba.