Yadda Muka Raba Irin Baba

Kurawa, bayan ruwan shuka.

Zuwa ga Yayata Hajo, a Turba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya saɓe? Ki gaishe ta da kyau.

Mun gama rabon gadon Baba, ni da ƙanenmu Maliki. Gona ba ta ba mu wahala ba, igiya ta raba ta. Iri ne ya so ya haɗa mu faɗa. Kin san kowace kaka Baba yakan zaɓi zangarniyoyi ya rataye cikin rumbu, gero mai saurin nuna da maiwarsa mai dogon kai, wadda babu irinta duk Kurawa. Maliki ya so mu kwance kowane dami mu raba tsaka. Na ƙi. Ni ne babban namiji, na ɗauki maiwa duka na bar masa gero. Waken naki ne, ga shi nan tare da wasiƙa.

Maliki ya roƙo dawa wurin surukansa, ya samo wake a maƙwabta, ya yi gicci irin na Baba, wannan layi ya ratsa wancan, gona kamar tabarma. Har ya zo da ƙwaryar gero wai in musanya masa da maiwa. Dariya na yi masa. Ni garmar shanu na sa, maiwa zalla daga kan iyaka zuwa kan iyaka. Bana za ni gina rumbu na biyu, ki zo ki gani.

Ƙanenki,
Jibrilla.

Kurawa, lokacin cin tumu.

Yaya Hajo,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, Inna kuma da sauƙi. Mu sai godiya.

Ruwa ya ɗauke tun maiwa tana iya ƙirjina. Mun fita roƙon ruwa sau uku. Ganye ya naɗe, ya yi fari, ko ciki ba ta yi ba balle ta fid da kai. Nakan je in tsaya cikinta in rasa abin da na zo yi.

Dawar Maliki ma ta mutu. Amma geronsa ya riga fari, ya ɗaure dami tara, wake kuma ya laɓe ƙarƙashin kara ya ba shi abin da ya samu. Ba yawa, amma hayaƙi na tashi a gidansa. Yanzu na gane Baba. Ni na ɗauka tsufa ne ke sa shi cakuɗa gona, ashe bai san irin daminar da za ta zo ba ne, sai ya shirya wa kowace.

Maliki yana aiko wa matata Fatsuma da gari, bai taɓa yi mini gori ba. Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Ƙwarya ɗaya ta iri ta rage mini. Na zuba ta cikin tulu na liƙe bakin da laka. Ita ke nan maiwar Baba a duniya. Ki taya ni addu'a ta kai baɗi.

Naki,
Jibrilla.

Kurawa, ƙarshen bazara.

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Allah Ya sa wagga takarda ta same ku lafiya.

Rumbun Maliki ya kai ƙasa, shi ma yara shida gare shi, ban iya ƙara miƙa hannu ba. Wata guda muna kan tafasa da dusa. Ɗiyata Larai ta kwanta, ƙafafunta suka kumbura, ko kuka ta daina yi.

Ran Talata na fasa bakin tulun. Fatsuma ta ƙi dakawa, ta ce hadari ya fara haɗuwa a gabas, in ƙara haƙuri kwana goma. Na dubi Larai, na ga ba ta da kwana goma. Ni na ɗauki taɓarya da hannuna, maƙwabta na leƙe ta kan danga. Kunun ya yi mana kwana biyar. Larai ta tashi zaune, alhamdu lillahi, jiya har ta taka zuwa bakin ƙofa.

Na zaga Gangara da kasuwar Sabon Birni ko wani ya taɓa karɓar irin a hannun Baba. Akwai maiwa, amma ba ita ba ce. Shekara arba'in yana zaɓenta kai bayan kai, ni na ƙarar da ita a damina ɗaya. Zuciyata ta karye, Yaya. Maliki ya ce za shi ba ni gero da wake in shuka, na karɓa kaina a ƙasa.

Saƙon Inna ya iso, cewa in aiko mata da maiwar Malam, wato Baba, ko tafi ɗaya ce, da furarta take son buɗe baki a wannan azumi. Na sallami ɗan aiken hannu wofi. Ke kika iya magana da ita. In za ki faɗa mata, ki bari ta ci abinci tukuna, ki zauna kusa da ita. Kada ki ce fari ne. Ki ce ni ne.

Ki yafe mini.

Ƙanenki,
Jibrilla.