Mai bashin da ba ya so ya gama biya

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gidan haya. Da shi muke ci, da shi nake saya wa Inna maganin suga. A ɗakin ƙarshe, na kusa da rijiya, wani mai gyaran rediyo ya zauna da matarsa, mutanen kirki, ba su da ɗa. Matar ta yi doguwar jinya ta rasu a ɗakin, daga nan kuɗin haya ya tsaya. Na yi ta haƙuri har Inna ta fara ce mini ko ni ma haya nake a gidan. Da Kawu ya matsa muka je kotu. Mutumin bai musa komai ba. Alƙali ya ce ya tashi, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata.

Ya tashi, kuma yana biya. Wasu kuka suke mai bashi ya gudu, ni nawa da ƙafarsa yake zuwa, kuma matsalar ke nan.

Zuwansa na farko, da rana tsaka, ya ba ni kuɗi ya ce, ɗan mai gida, ara mini makulli in duba ko na manta wani abu. Ɗakin babu ko tsinke, ni na share shi. Na ba shi. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya tsaya. Anti, tsayuwar mai jiran amsa ce. Sai ya gyaɗa kai ya shiga, ya raɓa ta gefe kamar mai kauce wa gado, alhali babu gadon.

Tun daga nan, in ya kawo kuɗi sai ya karɓi makulli. Kuɗin yana raguwa, zuwan yana ƙaruwa. Yanzu duk mako ne, da abin da ko sabulu ba zai saya ba. Ba rashi ba ne, na bi ta shagonsa, aiki har ya yi masa yawa. Gutsura bashin yake don kada ya ƙare.

Ranar nan ina jan ruwa a rijiya na ji shi a ciki yana ba da labarin shago, yana dariya ƙasa-ƙasa. Sai na ji an amsa. Siririyar murya ce, da ɗan tari a ƙarshe, irin tarin da muka saba ji lokacin jinyar. Wayarsa kuwa tana kan benci tana caji. Da ya fito ya miƙo makulli ya ce, ta ce a gaida Inna, yaya ƙafar? Ƙafar Inna bayan rasuwar matar ta fara kumbura, kuma Inna ba ta fitowa. Har yau ban isar da gaisuwar ba.

Duk wanda ya zo ganin ɗakin, matan gida sai su yi masa raɗa, ba ya dawowa. Direban da ke ɗakin kusa ya ce shi ma zai tashi, wai shi ba zai yi maƙwabtaka da wadda ba a gani ba. Kawu ya ce in koma kotu a kwashe kayan aikin mutumin a sayar. Ni kuma na ce wa mutumin na yafe sauran. Ya damƙe hannuna, nasa sanyi ƙalau, ya ce kada in yi masa haka, alƙali ne ya ce ya biya.

Ɗaki a kulle, kuɗi ba ya shigowa, maganin Inna ya kusa ƙarewa. Yaya zan yi, Anti?

Ɗan Mai Gida

Amsa

Ɗana, wanda ya lura da yadda mutum ke kauce wa gadon da babu shi ba ya buƙatar ba ni haƙuri kan rubutu.

Muryar nan ba zan ce ba ka ji ba. Amma wanda ya daɗe yana jinyar matarsa ya haddace muryarta har da tarinta, kuma kaɗaici yakan sa mutum ya tambaya ya ba kansa amsa. Labarin ƙafar Inna kuwa, gidan haya ba ya riƙe sirri. Ko ma mene ne, wannan bawan Allah ba macuci ba ne, ciwo ne ke damun sa, kuma makullin da kake ba shi ƙara masa yake.

Kawu yana da gaskiya rabi. Kuɗin haƙƙinku ne, ba naka kai kaɗai ba, don haka yafewar ma sai da yardar Inna da 'yan'uwanka. Amma kwashe kayan aikin mutumin da bai taɓa ƙin biya ba bai dace ba. Ka koma kotun da ta yi hukunci, ka bayyana cewa abin da yake kawowa bai kai wanda aka yanke ba, ka roƙi a mayar da biyan ta hannun kotu. Idan aka raba kuɗin da ƙofar ɗakin, ba shi da sauran dalilin gutsurawa.

Kafin nan ka nemi wani babba cikin danginsa ka faɗa masa duk abin da ka faɗa mini, su kai shi ya ga likita. Kada takardar kotu ta riga ka zuwa wurinsa. Kai da bakinka za ka sanar da shi cewa za a ba da ɗakin, ka bar shi ya shiga sau ɗaya na ƙarshe, tare da ɗan'uwansa, ƙofa a buɗe. Zai yi maka kallon da zai hana ka barci. Ka daure.

Washegari ka buɗe taga, ka yi fenti, ka canza kwaɗo. In babu mai ƙarfin halin fara kwana a ciki, kai ka shiga ka ba da naka ɗakin haya, raɗar za ta mutu da kanta.

Allah ya ba Inna lafiya, ya jiƙan wadda ta tafi, ya sanyaya zuciyar wanda ta bari. Kai kuma Allah ya yi maka albarka.