Saƙona Yana Buɗewa a Ɓangaren Yayana

Goggo Habsatu, don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis, ban san wanda zan gaya wa ba. Kada ki sa sunana.

Shekarata goma sha huɗu, a unguwar Yelwa nake a nan Garwa ta Kamaru. Na gama firamare bara, tun lokacin ina gida. Waya ɗaya ce mai shiga intanet a gidanmu, ta yayana Ridwan, wanda ke kai batura da caja garin Mayo-Oulo yana sayarwa. Da na roƙe shi ya bar ni in riƙa taɓawa, sai ya raba mana ita kamar ɗakuna. Akwai manhajar shiga intanet guda biyu a ciki, ɗaya mai jar alama, ɗaya mai koriya. Ja nasa ne, a nan yake hulɗa da masu ba shi kaya. Kore nawa ne. Ya ce ranar da ya ga sawuna a cikin ja, ni da wayar mun rabu. Yaya ba ya duka, amma idan ya faɗi magana ba ya janye ta.

Akwai wata Madam Florentine da ke koya wa 'yan mata gyaran fitilun sola. Inna ce ta kai ni, kuma a cikin kore muka buɗe mini shafi a cibiyarta. Shekaranjiya imel ya zo, an ɗauke ni. An ce in danna wani shuɗin rubutu kafin Asabar, idan ban danna ba za a ba wata gurbina. Na danna, Goggo, sai ga ni tsundum a cikin ja, sunan yaya a sama, shafin kuma ya ce bai san ni ba. Na yi maza na rufe. Jiya na sake gwadawa, haka ya yi. Wallahi ban karanta komai nasa ba.

Ƙawata Sadiƙa ta ce duk inda aka shiga yana barin alama, wai in goge komai kafin ya gani. To idan na goge har da shafukan kasuwancinsa fa? Jiya muna cin abinci ya daɗe yana kallon wayar, ya ɗago ya kalle ni. Ranar Alhamis zai tafi da wayar, sai Litinin zai dawo. Madam kuma Faransanci take yi da sauri, idan na tsaya gabanta bakina ɗaurewa yake yi. Ko in haƙura da ajin kawai?

Ƙanwar Wani, Garwa

'Yata, kada ki haƙura, kuma kada ki goge komai.

Ba laifinki ba ne. Kowace waya tana da manhaja ɗaya da take kai wa duk wani shuɗin rubutu da aka danna, kuma a wayar yayanki ja aka zaɓa. Shafin Madam a kore ya san ki, shi ya sa ya ƙi ki a ja.

Ga abin yi. Ki buɗe imel ɗin, ki tabbata daga cibiyar Madam ya fito. Ki ɗora yatsa a kan shuɗin rubutun, ki riƙe ba tare da kin ɗaga ba har sai zaɓi ya fito, ki taɓa inda aka ce “Copier le lien”, wato kwafi adireshin. Sai ki buɗe kore, ki riƙe yatsa a layin sama inda ake rubuta adireshi, ki taɓa “Coller”, wato liƙa, ki shiga. Ana iya sauya tsarin wayar gaba ɗaya ta koma kore, amma wannan zai shafi saƙonninsa ma, don haka ba naki ba ne ki taɓa.

Saura maganar yayanki. Dokarsa ba zalunci ba ce, abincin gidanku yana cikin wannan jan. Sai dai ya raba waya bai gaya wa wayar ba. Shawarar Sadiƙa za ta mayar da kuskuren na'ura ya zama kamar ɓoye laifi, kuma shi zai gani. Ki same shi yau, a gaban Inna idan hakan zai fi miki sauƙi. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki miƙa masa wayar, ki ce ya danna shuɗin rubutun da yatsansa. Idan ya ga kansa a cikin ja, ya sami amsar kallon da ya yi miki jiya.

Idan duk ya ƙi, ku je cibiyar da Inna ranar Juma'a da safe. Ki faɗa da Hausa ko Fillanci, a Garwa ba za a rasa mai ji ba.

Allah ya ba ki gurbin, ya sa fitilar farko da za ki gyara ta zama ta yayanki.

Goggo Habsatu